Mahaucin Wudil da Hantar Jikarsa

Bari in faɗi wautata da bakina kafin Garba mai shayi ya riga ni, don na san yana yawo da ita a gari yana ƙara mata gishiri. Ni Isiyaku mahauci, wanda bokonsa ya tsaya a aji uku, na hau jirgi zuwa Amurka da niyyar in koya wa likitoci hanta. Wallahi da niyyar da na tafi ke nan. Na ce a raina, mutumin da ya tsufa a kwatar Wudil, hantar sa da ta raƙumi da ta akuya duk sun bi ta hannunsa, wace yarinya ce mai farar riga za ta gaya masa abin da bai sani ba? To, an gaya mini. Tun da na dawo kuma kun hana ni shan shayi cikin natsuwa, kowa ya zo sai "Malam Isiyaku, yaya Amurka?" Na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Kun san Nasiru, ɗana na uku, wanda yake tuƙa motar kaya a wani gari da ake ce wa Greensboro. Matarsa Rakiya 'yar Alhaji Mudi ce na Garko, amma a ƙauye ta tashi hannun kakarta. Allah ya ba su 'yar fari, aka sa mata sunan mahaifiyata marigayiya, don haka ni Ummi nake ce mata. Ba a daɗe da suna ba idon yarinya ya koma ɗorawa, kashinta ya yi fari kamar farar ƙasa. Likitoci suka ce hanyar da ruwan matsarmama yake bi daga hanta zuwa hanji a toshe take. Aka yi mata aiki sau ɗaya, bai riƙe ba. Hanta ta fara lalacewa. Suka ce sai an yanko wani yanki daga hantar mai rai an dasa mata, ko na uwa ko na uba.

Hajiya Ladi, uwargidana, ita ce ya kamata ta je, jinya ai ta mata ce, sai likitanta ya ce da wannan hawan jinin ba ta hawa jirgi. Sai ni. Ta ɗaure mini saiwar rawaya ta maganin shawara, da kuka, da yaji, ni kuma na sa aka yi kilishi da cinyar da na zaɓa da hannuna. Ana gobe tafiya Alhaji Mudi ya zo sallama, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Isiyaku, yarinyar nan amana ce a hannunku." Na gane nufinsa: kada a tsaga masa 'ya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ɗa na uba ne, in za a yanka wani to Nasiru za a yanka.

A ofishin biza a Abuja wani saurayi a bayan gilashi ya tambayi sana'ata. Kafin tafinta ya buɗe baki na ɗaga yatsa na ja shi a maƙogwarona, don in sauƙaƙa musu aiki. Saurayin ya daɗe yana kallona. Tafinta ya yi ta bayani har da zufa. Da muka fito ya ce, "Baba, don Allah in ka isa can ka riƙa barin hannunka a aljihu."

Jirgi ba abin da zan ce muku sai dai zaman ya fi na motar Legas tsawo, kuma ba a tsayawa a sha iska. Wata mata 'yar Kalaba da ke kusa da ni ita ta ɗaure mini bel kamar jariri. Aka kawo abinci a ɗan faranti da wani nama da ban san wanda ya yanka shi ba, na mayar musu, na ciro kilishi daga aljihu. Matar ta ci rabi tana ta yaba mini. Banɗakin jirgi kuwa, duk wanda zai shiga ya yi addu'a kafin ya danna abin nan, don ƙarar da ya yi na ɗauka ni ma zai haɗiye ni.

Inda raina ya fara ɓaci shi ne filin jirgin da muka fara sauka a ƙasarsu. Muna tsaye a layi sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga kamar ma'aikaci. Ya wuce mutane da yawa, ya zo gaban jakata ya zauna. Ni da ban taɓa barin kare ya kusanci tukubata ba, yau kare ne ya kai ƙarata. Ma'aikacin ya buɗe jaka yana ta murmushi, murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ɗauki kilishin da safar hannu kamar ya ɗauki mushe, ya jefa a wani ƙaton kwando. Ya ɗaga saiwar rawaya, ya juya ta, ya ga ƙasa a jikinta, ita ma ta bi. Kuka da yaji kawai ya bar mini. Karen kuma aka ba shi lada a gabana.

Nasiru ya tare ni a Greensboro. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, ya rungume ni a gaban jama'a kamar abokinsa. A hanya na ga itatuwa iya ganina, motoci kamar tururuwa, amma ba mutum ko ɗaya yana tafiya a ƙasa. Ya biyo da ni ta wata unguwa wai ita Sedgefield, na ga fili shimfiɗe da ciyawa kore shar, irin wadda Bafulatani zai gani ya yi kuka.

Na ce, "Ina shanun?"

Ya ce, "Baba, ba shanu. Filin wasa ne. Masu hali ne suke buga 'yar ƙwallo da sanda."

"Ciyawar fa, in ta yi tsawo?"

"Inji ake sawa a aske ta a zubar."

Na yi tsaki, muka wuce gida.

Gidan a saman bene yake, bayan wani dogon titi mai suna Gate City. Ku lura da fasalinsa, don duk abin da ya faru daga nan ya taso. Ba zaure, ba soro, ba tsakar gida. Ƙofa kana buɗewa ka faɗo falo, kicin ma a cikin falon yake. Ɗaki biyu ne, bangon kuwa kwali ne da fenti, in mutum ya yi atishawa a ɗaya sai ka yi masa addu'a daga ɗayan. Ɗakin Ummi suka ba ni, suka fito da gadonta da magungunanta falo. Ni kuma tun da falon ne ke da taga da talabijin, nan na kafa kujerata daga safe har dare.

Rakiya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, kanta a sunkuye. Aka miƙo mini Ummi. Hannuwa kamar tsinke, ciki kuwa ya kumbura yana sheƙi, ido kamar an ɗiga masa kurkum. Na daure na ce, "Amaryata, haka za ki tarbi angonki?"

Nasiru ya ce, "Baba, filis, a asibiti kada ka ce mata amaryarka. 'Yan sanda za su kira mana."

Ƙasar da kaka ba zai yi wasa da jikarsa ba ke nan.

Abin da ya faranta mini rai a gidan shi ne Rakiya. Kunyar 'yar fari ta riƙe ta yadda ake yi a da. Ba ta kiran sunan yarinyar, sai "ita" ko "wannan". Ina wurin ba ta ɗaukarta, ba ta yi mata wasa. In lokacin magani ya yi ta zo ta ɗura mata fuskarta a juye, ta koma kicin. In ta yi kuka sai ta bar ni in jijjiga gadon. Na ce kai, ashe tarbiyya ba ta ƙare ba. Shi kuwa Nasiru yana dawowa daga aiki zai sure ta a gabana, yana sumbatar ta yana "Dadi, Dadi", ko kunyar furfurata ba ya ji.

A ƙasan benen akwai Hajiya Fati, Badamagariya, ƙatuwar mace mai murya kamar ta mai shela, tana aikin kula da tsofaffi. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa, ranar da ta fara ganina ta ce, "A'a, an kawo mana Bakano. Bawana, ka zo lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, baiwar Kano, ashe har nan kuka gudo?" Ita ta kai ni shagon nama na halal. Jama'a, naman nan ƙanƙara ne, da zarto na lantarki ake yanka shi kamar katako, a naɗe a leda. Ba ka ganin jini, ba ka ganin mai, ba wanda za ka yi ciniki da shi. Na nemi hanta aka miƙo mini wani baƙin dutse. Amma dambun zogalen Hajiya Fati, in faɗi gaskiya, ya riƙe ni a garin nan.

Asibitin da ake dashen ba a Greensboro yake ba, sai an yi tafiya a mota zuwa wani gari ta gabas. Na sa babbar riga na bi su, Hajiya Fati ma ta biyo mu don ta riƙa juya mini magana. Likitar da ta shigo 'yar siririya ce, ko awon cinyar sa ba za ta kai ba. Ta ce an gwada jinin Nasiru da na Rakiya, duka sun dace, amma hankalinsu ya fi kwanciya da uwar. Dalili na farko, Nasiru ƙato ne, yankin da za a ciro daga hantarsa ya yi wa cikin jaririya kauri. Dalili na biyu shi ya tayar mini da hankali.

Ta ce jikin mutum yana da masu gadi, garkuwar jiki, duk baƙon abin da aka sa masa sai sun far masa, shi ya sa wani dashen jiki yake ƙin sa. To amma lokacin da yaro yake ciki, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta na uwa suna ratsawa ta mahaifa su shiga jikinsa su zauna, har cikin hanta. An haife shi, an yanke cibiya, suna nan ba su fita ba. Masu gadin yaron da su suka tashi, sun saba da su. Ta ce a yara masu irin ciwon Ummi an lura hantar uwa ta fi zama lafiya a kan ta uba, kuma ana zaton wannan sabon ne dalili. Ta ƙara da cewa ba alkawari ba ne, abin da aka lura da shi ne, bincike bai ƙare ba.

Na ce wa Hajiya Fati, "Tambaye ta, uban fa?"

Ta tambaya, ta juyo. "Ta ce rabin Ummi daga uba ne, wannan jikinta ya sani. Amma ɗaya rabin na uban, wanda ba ta gada ba, jikinta bai taɓa gamuwa da shi ba. Baƙo ne."

Na miƙe tsaye. Na manta da maganar tafintan Abuja, hannu ya fito daga aljihu. Na ce baƙo? Mutumin da ya yanka ragon suna shi ne baƙo? Na ce a gaya mata ni mahauci ne, hanta in an yanke ta an yanke, ba ta tsirowa, ba zan koma Garko in ce wa mutum an rage masa 'ya ba. Likitar ta saurare ni har na gama, sannan ta yi tambaya a hankali.

Hajiya Fati, da yake su Damagarawa lokotoro suke ce wa likita, ta ce, "Bon. Lokotoro ta ce, a duk shanun da ka yanki hantarsu, akwai wadda ka ɗinke ka sake ta, ka koma bayan wata biyu ka duba? Ta mai rai tana sake tsirowa."

Na zauna.

Duk wannan hayaniyar, akwai wata Baturiya mai furfura a gefe da ban kula da ita ba. Aikinta a asibitin ɗaya ne: ta tabbatar duk wanda zai ba da sashen jikinsa shi ya so, ba tilasta shi aka yi ba. Abin da ta gani shi ne tsoho yana faɗa yana nuna mutane da yatsa, yarinya tana tsala kuka, uwar kuma ta ja mayafi ta rufe fuska, ko kallon 'yar ba ta yi ba. Nas ta tambayi Rakiya sunan yarinyar don ta duba magani, Rakiya ta dubi Nasiru ta yi shiru. Daga baya Baturiyar ta shiga da ita wani ɗaki su biyu, aka haɗa su da tafinta ta waya. Aka yi rashin sa'a muryar dattijo ce. Aka tambaye ta, kina son ki ba da hantarki? Ta ce, "Duk yadda suka ce." Aka ce wa za ki ba? Ta ce, "Ita."

Kwana kaɗan aka kira Nasiru aka ce an dakatar da maganar Rakiya. Ba su gamsu ita ta so ba, suna ma shakkar yadda take da yarinyar.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko daɗi na ji. Na ce yauwa, sai a yanka Nasiru. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Baba, ba ka ji abin da aka ce ba? Tawa ta yi kauri. In ba ta Rakiya ba, layi za mu shiga mu jira wani ya mutu." A makon nan cikin Ummi ya ƙara tashi, ta daina karɓar madara, aka kwantar da ita a asibiti.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Wace irin ƙasa ce wannan da ba ta san kunya ba? Mace ta yi abin da uwarta da kakarta suka yi, a ce ba ta son 'yarta? Su da suke kai iyayensu gidan tsofaffi su biya Hajiya Fati ta yi musu wanka, su ne za su auna mana soyayya? Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ina cikin wannan faɗan a bakin matakala Hajiya Fati ta fito da kwandon wanki, ta ajiye.

"Ka gama?"

"Ban gama ba."

"To tsaya in ba ka naka. A Wudil, in surukarka tana kunyarka, ina kake wuni?"

"Kasuwa. In na dawo, zaure."

"Ita fa?"

"Cikin gida mana."

"A cikin gidan wa yake ganin abin da take yi da ɗanta?"



Ta ce, "Kafin ka zo, ta silin nan nake jin Rakiya. Waƙa take yi wa yarinyar nan tun safe, ta goya ta tana zagaya falo har ƙafarta ta kumbura. Tun ranar da ka kafa kujera a falon nan ban ƙara jin waƙa ba. Ta ɗauke ta zuwa ɗaki ma ba ta iya buɗe baki, bangon kwali ne, za ka ji. Nan take sauko mini ta yi kukanta ta wanke fuska ta koma ta dafa maka tuwo. Kai kana can kana yabon tarbiyya. Kunya da zaure aka yi ta, Malam. Ka kawo kunyar ka baro zauren a Wudil."

Na juya na hau matakala.

Washegari na sa ta kai ni wurin Baturiyar nan mai furfura. Na zauna da hannuwana a aljihu na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta haife ni ba. Matar ta saurara sosai, ta yi godiya, ta ce ta ƙaru. Sannan ta ce amma duk da haka daga bakin Rakiya take son ji, ba daga nawa ba, kuma zuwan da na yi in yi magana a madadinta shi ne irin abin da yake damunta tun farko.

Ku ji fa. In yi shiru laifi, in yi magana laifi.

A mota na ce to zan kira Rakiya in ba ta umarni ta daina kunyata. Hajiya Fati ta ce, "Wato ka tilasta mata ta nuna ba a tilasta mata ba." Ban da haka ma, da wane baki suruki zai dubi matar ɗansa ya ce mata rungumi 'yarki a gabana? Abu ɗaya ya rage. Na koma gida na haɗa jakata, na ce wa Nasiru da ƙarfi yadda za a ji daga kicin, gwiwata ba ta son matakalar nan, kuma ina son kusa da masallaci.

Aka kai ni gabashin gari, gidan wasu samari 'yan Maraɗi da Tawa masu aikin masana'anta. Katifa a ƙasa, takalma a ko'ina, tukunya ɗaya. Komai suka dafa sai sun zuba masa mayonis, har shinkafa da wake. Suna kirana Tsoho, suna sa ni ina gyara musu naman ƙanƙara da wata wuƙa da ko albasa ba ta yankawa. Ni da na zo a matsayin mai yanke hukunci, na ƙare a ɗan aikin kicin na gwagware. Asibiti kuwa na hana kaina zuwa, sai dai in kira Nasiru a waya.

Na daure iya daurewata, ran nan na kasa. Na sa ɗaya daga cikin samarin ya kai ni da rana, ban gaya wa kowa ba. Na bi dogon barandan ɓangaren yara har na hango ɗakin Ummi, ƙofar a buɗe kaɗan, da gilashi a jikinta. Rakiya na zaune a kujera, mayafi ya zame, ta kwantar da yarinyar a ƙirjinta duk da robobin da ke jikinta. Tana shafa mata baya tana 'yar waƙa. Baturiyar mai furfura tana zaune a gefe, Hajiya Fati kusa da ita. Sai na ji Rakiya ta ce, "Hauwa'u. Hauwa'u, kin ji? Tawa za a ba ki. Ni na ce a ba ki."

Sunan uwata ke nan. Rabon da in ji an faɗe shi a fili cikin iyalina tun ranar jana'izarta.

Sai ta ɗago kai kamar ta ji motsi. Jama'a, ni Isiyaku, da babbar rigata da hulata, na yi tsalle na laɓe a bayan wani injin sayar da lemo. Na maƙale a nan ina riƙe numfashi, wani mai shara yana kallona, ina yi masa alama ya yi shiru. Suruki yana ɓuya wa matar ɗansa. Garba, wannan ne wurin da kake ƙara cewa hulata ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

Bayan an sake zama da Rakiya, da tafinta mace wannan karon, aka amince. Ranar aiki muka wuni a ɗakin jira, ni da Nasiru da Hajiya Fati da mutanen masallaci da suka yi ta zuwa da kuloli. Da likitar ta fito ta ce an gama, su biyun suna lafiya, na roƙi a nuna mini inda aka yanka, ko a hoto, in ga hannun mai aikin. Aka ce ba a yi. Na ce rowa ce.

Abin da ya biyo baya ba zan iya ba ku shi a majalisa kuna shan shayi ba, amma a takarda zan faɗa. Ran nan Nasiru ya fito daga ɗakin jinyar da gudu riƙe da ƙunzugun Ummi, yana nuna wa kowa. Kashi ya yi launi. Ƙato da gemunsa yana hawaye a kan kashin jariri, nas-nas suna tafi. Ya ɗauki hoto ya aika Wudil, Hajiya Ladi ta yi guɗa a waya. Idon Ummi ya washe a hankali har ya koma fari.

Na ɗauka shi ke nan, sai na ga ana ta ɗura mata magungunan hana jiki ƙin dashe. Na ce wa likitar, ina amfanin sabon da kika ce, in har sai an sha magani? Ta ce sabo yana rage faɗa ne, ba ya hana shi, kuma za a daɗe ana shan maganin nan ana auna jini. Ganin ta sake da ni, na ce to waɗannan ƙwayoyin halitta na uwa, yaushe suke fita, in an yaye yaro ko in ya balaga? Ta ce ba lallai su fita ba. An sha samun su a jikin manya, har masu furfura.

Ranar da zan taho na je gidan Nasiru sallama. Rakiya ta yunƙura za ta durƙusa da ɗinki a cikinta, na ce ta zauna. Ummi na kan cinyarta. Na ga hannunta ya motsa za ta miƙa wa Nasiru ita, sai na juya na kama kallon taga, na daɗe ina yaba wa motocin da ke ƙasa. Da na juyo yarinyar tana nan inda take.  Alhaji Mudi kuwa, da na dawo na je Garko na gaya masa an yanki 'yarsa kuma abin ya tsiro, ya ce in daina yi masa wasan mahauta.

Hajiya Fati ce ta kai ni filin jirgi, Nasiru ya wuce asibiti kai Ummi awon jini. Muka sake bi ta gefen ciyawar nan da ba shanu, na sake yin tsaki. Na ce mata ƙasar nan ba ta yi mini ba, karensu ɗan sanda, namansu katako, kuma sai mace ta yi shelar son ɗanta kafin a yarda da ita. Ta bar ni na zazzage duka. Sai da ta tsaya a bakin ƙofar shiga, ta sauke mini jaka, ta ce:

"Bawana, ka gaya wa Baturiya uwarka ba ta taɓa kiran sunanka ba, na ji yadda muryarka ta yi. To ka ji abin da lokotoro ta ce. Matar nan tun kana ciki ta shiga hantarka ta zauna, ka yi furfura ba ta fita ba. Me kuma kake so ta ce maka?"

Wani ma'aikaci ya busa mata usur ta matsar da mota. Na ɗauki jakata na shiga.